Da Ƙafarsa Ya Shiga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran aminina, wanda mu abokan wasansa muke kira Alƙali, kwana biyu bayan an yi masa aikin zuciya.

Alƙali, na so in yi shiru, don ba ni da bakin yabo. Shekara goma sha ɗaya gardama kaɗai na iya yi da kai. Amma da na je gaisuwa, 'yarka ta fari ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Baffa, ni na kashe shi. Bai so aikin nan ba, ni na matsa masa." Har yau ba ta cin abinci sai an tsare ta. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Shekara ashirin da shida ka yi kana tura marasa lafiya a keke a asibiti, daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto, daga can zuwa ɗakin tiyata. Ranar Asabar da la'asar kuwa sai ka share teburin cin abincin gidanka, ka shimfiɗa takarda mai gida-gida, mu zauna wasan labari. Kowa da jaruminsa, ɗan mutum-mutumin da bai wuce babban yatsa ba. Kai ke ba da labarin, mu mu faɗi abin da jarumanmu za su yi, a jefa 'ya'yan lido a ga sa'ar kowa. Ni da Tela da Malamar Lissafi, duk da furfurarmu, muna ihu a kan dodon roba, maiɗakinka tana leƙowa tana cewa girma dai ya faɗi. Lokacin da idon Tela ya fara rauni, ba ka ce masa komai ba. Sai kawai muka tarar ka sake zana takardar da layuka masu kauri, ka ce tsohuwar ce ta yage.

Babbar rigimarmu a kan da'irar wuta ce. Jarumar Malama matsafiya ce, takan kunna wuta ta mamaye gida tara a kan takarda. Nawa jarumin ƙato ne mai garkuwa, ba abin da ya iya sai bangaza. Dabarata ita ce in ingiza abokin gaba cikin wutar ya ƙone nan take, in jawo shi, in sake ingiza shi. Ka hana. Ka yanke cewa wanda aka tura cikin wuta ba za ta ci shi ba sai layi ya zo kansa. A ba shi damarsa tukuna, ya fita ko ya tsaya, sannan a yi masa hukunci.

Na kawo littafin dokoki, na buga tebur, na yi yaji na mako uku. Da na dawo ka zuba mini ruwa a kofi, ka ce, "Mai Gardama, kai a takarda kake tura mutane, ni masu rai nake turawa. Wanda ke kan keke ba shi da ta cewa, duk inda ka nufa nan ya nufa. Ko dodo ne, bar shi ya yi numfashi ɗaya nasa na kansa." Ban yarda ba. Na dai zauna, domin babu wani teburin da zai iya da halina.

Da ciwo ya kama ka, gaskiya ne ka ji tsoron aikin. Wanda ya san ƙofar ɗakin tiyata kamar tafin hannunsa ba a yi masa daɗin baki. Gaskiya ne kuma 'yarka ta yi ta roƙo da kuka har ka sa hannu a takarda. Iyakar abin da ta gani ke nan. Sauran ni na gani, domin mutum ɗaya aka yarda ya raka ka, ka ce ni kake so in tura keken, wai in ɗanɗana aikin da na raina.

Ina sauri don kada zuciyata ta karye, sai ka sa ƙafa a ƙasa, taku uku kafin ƙofar.

"Tsaya. Layi ya zo kaina," ka ce. "In na ce ka juya da ni, za ka juya?"

Na ce, "Wallahi zan juya, ko duk gidanku za su daina gaishe ni."

Ka dubi ƙofar. Ma'aikaciyar jinya, wadda ta san ka tun tana sabuwa, ta tsaya tana jiran ka. Na ga leɓɓanka suna motsi da addu'a. Sannan ka dafa hannun keken ka miƙe, ka gyara rigar asibitin, ka ce, "Ina so in ga jikokina sun yi wayo. Riƙe kekenka." Ka tura ƙofar da hannunka.

'Yata, wannan ita ce shaidata, kuma zan maimaita ta a gaban Allah. Kin kai mahaifinki bakin ƙofa saboda kina son sa, amma an ba shi zaɓi, hanyar komawa tana buɗe, ya zaɓa da hankalinsa. Kwana kuwa idan ya ƙare, ba roƙonki ne ya ƙarar da shi ba. Ki ci abinci, ki yi masa addu'a.

Allah Ya jiƙanka, Alƙali, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya tsare ka daga wuta, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka huɗu, da ƙannenka, da abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sanyaya zuciyar yarinyar nan, Ya sa mu cika da imani. Amin.