Jitar da Ta Fasa Kan Mai Walda

Lokacin da nake tuƙa babbar mota a wata masana'antar ƙarfe da ke Birnin Masana'antu na Biyu, an haɗa ni ɗaki da wani mutumin Jos. Kafin ya zo Riyadh makaɗin jita ne, irin kiɗan rok ɗin nan mai kama da tsawa. Sun yi ta yawon otal-otal shi da 'yan ƙungiyarsa, har ranar da ya karya wa mai gangarsu haƙarƙari suka watse. Iyayensa Kiristoci ne, amma shi rabonsa da coci tun yana yaro. Zuciya gare shi kamar fetur.

Wata Juma'a bayan la'asar ya jona jitar da lasifika a tsakar gidan ma'aikata, ya ƙure ƙara. Wani dattijo ɗan Filifin, mai walda, ya fito ya ce, "Sadik, shuwayya," wato aboki, a ɗan rage, domin abokin ɗakinsa na kwance da zazzaɓi. Ko kallonsa bai yi ba. Sai dattijon ya sunkuya ya zare wayar.

Ban ga lokacin da abokina ya ɗaga jitar ba, ƙara kawai na ji kamar an fasa ƙwarya. Dattijon ya durƙushe, jini ya rufe masa fuska. Abokina ya ƙara masa ta biyu, wuyan jitar ya karye. 'Yan Filifin suka fito suka yi masa rubdugu, wani da bututun ƙarfe, wani da kujera. Ɗaya ya taka masa hannun hagu da takalmin aiki, ya murza. Ni da wasu 'yan Maraɗi muka janyo shi da ƙyar, yatsunsa sun juya baya, yana tofar da jini yana zagi.

Kowa ya san abin da zai biyo baya: 'yan sanda, kurkuku, sannan a tasa ƙeyarsa gida. Amma da manaja ya je asibiti yana tambaya, dattijon, kansa duk ɗinki, ya ce ƙarfe ne ya faɗo masa. Ya kuma hana mutanensa cewa komai.

Abokina ya dawo ɗaki da hannu a naɗe, ko abinci ba ya ci. Ran nan sai ga dattijon da kwanon shinkafa da kifi. Ya ajiye, ya zauna a bakin gado.

"Malam, tambaye shi me yake nema a wurina," in ji abokina, don na fi shi Larabci.

Na tambaya. Dattijon ya ce suna taruwa su yi addu'a ranar Juma'a da safe a wani gida a unguwar Al-Badi'a, tun da babu coci a garin, kuma ba su da makaɗi.

"Da wane hannun?" in ji abokina.

"Da abin da ya rage," in ji dattijon.

Da aka kwance masa hannu sai ya bi dattijon. Yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ya koyi kiɗa da sauran, a hankali, domin can labule a sake ake waƙa, murya ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. A ɗakinmu ina salla a gefe, shi yana bitar waƙoƙin yabo da jitar aro, wani lokaci hawaye na zuba.

Zuciyar ba ta mutu gaba ɗaya ba. A kasuwar Al-Aziziya wani ɗan dako ya sharara masa mari a kan ya tare hanya. Na ga ya ciji leɓe har jini ya gangaro gemu, amma bai rama ba.

Da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ya koma Jos, yanzu shi ke jagorantar mawaƙa a wani ƙaramin coci. Dattijon kuwa idonsa na dama bai sake gani sosai ba, dole ya bar walda, aka mayar da shi gadin sito.