Gwaggo Me-ya-sa da Fom Mai Daƙiƙa Hamsin

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa, kafin masu shara su gama goge baranda. Ta rataya jaka a bayan ƙofa, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta zare kwamfutocin hannu guda uku daga caji ta goge fuskokinsu da auduga. Ɗakinta shi ne na ƙarshe a sashen masu ciwon mafitsara: tebur ɗaya, kujeru biyu, koren labule, da fanka mai ƙara. Abokan aiki suna kiranta Gwaggo Me-ya-sa, don ba a taɓa gaya mata magana ta ce to, ta yi shiru ba. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya tana jinyar mutane.

Shekaru shidan ƙarshe ta yi su ne da maza masu ciwon dajin mazakuta. Ciwo ne da ba a cika gani ba, kuma wanda ya same shi ba ya son ko bango ya ji. Likita zai yi aiki ya cire inda ya ɓaci, a sallami mutum. To, bayan nan fa? Yana barci? Fitsari na fita ba wahala? Yaya zamansa da iyalinsa? Don a san wannan ne asibitin ya kawo tambayoyi talatin da ake tura wa majinyaci ta waya duk wata uku. Yana gida zai danna amsa, kore idan lafiya, ja idan da matsala, amsar ta faɗo kwamfutar Gwaggo. Matasan ma'aikata sun ɗauka tsohuwa za ta gudu daga na'ura. Ita kuwa ta tsare mai koyar da su da tambaya har shayinsa ya huce.

Labarin da kowa a sashen yake bayarwa shi ne na wani dattijo kafinta, wanda aka yi wa aiki wata tara kafin lokacin. Fom ɗinsa na uku ya shigo kore shar daga sama har ƙasa, kamar na biyun farko. Likita ya leƙa ya ce, "Da duk haka suke, ai da mun huta."

Gwaggo ba launin take kallo ba. Can a ƙasan allon akwai ɗan rubutu da ba wanda ya damu da shi, mai nuna tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana amsawa.

"Likita, daƙiƙa hamsin. Tambaya talatin a daƙiƙa hamsin? Ni da na haddace su ba na karanta su haka."

"Haba Gwaggo! Mutum ya ce lafiyarsa lau, shi ma sai kin ce me ya sa?"

"To, me ya sa?"

Ta kira kafintan a waya. Washegari ya zo tare da mijin 'yarsa, ya zauna a gefen kujera ya miƙe ƙafar hagu, ya amsa gaisuwa da fara'a. Ta ga zaman, ta yi kamar ba ta gani ba. Sai ta ja surukin waje.

"Kai kake cike masa?"

"Ni ne, Sista. Wayarsa ƙarama ce, kuma karatu na ba shi wuya."

"Kana karanta masa duka?"

Ya sosa ƙeya. "Na karanta ta barci da ta cin abinci. Da na zo ta shida... Sista, uban matata ne fa. Da wane bakin zan tambaye shi yadda suke da surukata? Na kalli rufin ɗaki, shi ma ya kalli rufin ɗaki. Sai ya ce, 'Duk lafiya, danna kawai.' Ni kuma na danna."

Masu jiran layi sun ce Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Sai dariyar ta ɗauke, don ta tuna ƙafar nan da aka miƙe. Tsoro ya kama ta, domin ciwon nan idan zai dawo, ta matsematsi yake lallaɓowa, kuma ba ya jiran kowa.

Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta koma ciki ta ja labule, ta juya kujerun nan biyu suka ba wa juna baya. Ta miƙa wa dattijon kwamfutar, ta nuna masa kore da ja, ta zauna tana fuskantar bango.

"Baba, zan karanta, kai ka danna. Ba ni za ka gaya wa ba. Allon nan za ka gaya wa, shi ba shi da suruki."

Ta ji ya yi 'yar dariya a bayanta. Minti goma sha tara suka yi. Ja guda tara. Akwai kaluluwa a matsematsinsa wata biyu ke nan. Kuma tun da aka sallame shi ya mai da shimfiɗarsa shagonsa, can yake kwana saboda kunya, matarsa da suka shekara arba'in tare tana zaton laifi ta yi masa. A ranar likita ya duba shi, cikin mako biyu aka yi masa aiki. Likitan da kansa ya ce da an jira fom na gaba, da magana ta canza.

Gwaggo ta koma ta tono duk fom ɗin da aka cike a ƙasa da minti biyu. Ta samu goma sha ɗaya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta matsa lamba har aka naɗi tambayoyin da murya, yadda mutum zai kara waya a kunne ya amsa shi kaɗai.

Gwaggo, ke ce kika ga kore kika ƙi yarda. Ke ce kika gane cewa namiji zai iya ɗaukar ciwo wata biyu, amma ba zai iya ɗaukar kallon surukinsa na minti ɗaya ba, kuma ba ki raina shi a kan haka ba. Na'urar ta kowa ce, amma idon da ya karanta ɗan rubutun ƙasa naki ne. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa a huta lafiya.

Makon jiya kafintan ya zo da matarsa, surukin na biye da su ɗauke da kaya a ka. Kujera ce ta mutum biyu, majingina ɗaya a tsakiya, kowa ya zauna zai ba wa ɗan'uwansa baya. Gwaggo ta zagaya ta sau biyu tana shafa katakon.

"Baba, ni da zan tafi, me ya sa?"

"Ba taki ba ce," in ji shi. "Ta wanda zai zo bayana ce."

Kujerar tana nan bayan koren labule. Ku da za ku gaji ɗakin, idan kuka ga wani ya amsa tambaya talatin a daƙiƙa hamsin, kada ku ce madalla. Ku kira shi, ku zauna ku juya masa baya.