Inda Rediyon Ba Ya Kaiwa

Yayana kuku ne a wani dandalin haƙar mai da ke tsakiyar teku, mako uku a can, mako ɗaya a gida. Ni kuma direba ne a kamfanin da ke kai ma'aikatan a jirgi mai saukar ungulu. A unguwar Ammariyya aka haife mu, a ƙasar da ba tamu ba, amma har muka yi furfura iƙamarmu, wato takardar izinin zama, tana hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mana.

Kowa a kamfanin ya san matsalar hanyar. In jirgi ya baro dandalin yana tafiya ƙasa-ƙasa, akwai wajen minti ashirin da muryar matuƙi ba ta komawa dandalin, ba ta kuma isa hasumiyar filin jirgi. Matuƙan sun sha kai kuka, manaja yana cewa ana dubawa.

Wata Talata da hantsi aka ce in je filin saukarmu da ke bayan unguwar Khumra in ɗauko Yaya, wai ciwon ciki ya sa aka sako shi a jirgi. Ban damu ba. Har tsayawa na yi na sha shayi a hanya.

Jirgin na sauka, matuƙin ya diro yana waige-waige.

"Ina motar asibitin?"

"Wace mota?" na ce. "Ni kaɗai aka turo."

Ashe sun tashi ba da jimawa ba Yaya ya dafe ƙirji ya kife. Matuƙin ya yi ta kira a tanadi motar asibiti, ba wanda ya ji shi. Sai da suka hango gaɓa saƙon ya shiga, a lokacin kuwa motar ko tasowa ba ta yi ba.

Muka kwantar da Yaya a kujerar baya, wani abokin aikinsa ya tallafi kansa. Ina ta danna ham a cikin manyan motocin kaya, na ji Yaya ya ce, "Yi a hankali, ƙanena." Bai sake magana ba. Da muka isa asibiti, likita ya fito ya ce mun makara.

Manaja ya zo gaisuwa rana ta biyu, ya riƙe hannuna ya ce kwana ne ya ƙare.

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma rediyon fa?"

Ya saki hannuna. Washegari kafili ya kira ni a waya. "Halas, shi ke nan, maganar nan ta mutu. Iƙamarka saura wata biyu, ka tuna."

Na tuna. Ina da 'ya'ya huɗu, ga na Yaya uku sun dawo hannuna. Na ja bakina na koma bakin aiki.

Matarsa ta tambaye ni sau ɗaya ko ya sha wahala a jirgin. Na ce mata a'a, barci yake yi. Har yau ba ta san an yi kira ba.