Murhun da Ya Ƙi Haɗiye Kwal

Duk wanda ya ce ba a sanyi a Doha, to da zafi ya zo ya koma. Gidajen garin don gudun rana aka gina su: tayil a ƙasa, bango mai kauri, kowane ɗaki da na'urar sanyaya shi. Da Janairu ya kama sai gidan ya juya maka baya, ka taka ƙasa da safe ka ji sanyin har cikin haƙoranka. A irin wannan lokaci na kawo mahaifiyata daga Zariya aka yi mata aikin gwiwa.

Aikin ya yi kyau. Abin da ya rage, in ji likita, wata uku ne na motsa ƙafar kullum, kuma ya faɗa mana ɓaro-ɓaro cewa in aka bar gwiwar ta sandare, to ta sandare ke nan. Hajiya ta gyaɗa kai, muka dawo gida, ta hau gado ta ja bargo biyu. Matar da asibiti ke turowa ta koya mata tafiya ta yi lallashin duniya ta gaji. Matata kuwa, don ladabi, ko kofin shayi ba ta barin Hajiya ta ɗauke. Da aka yi kwana goma a haka sai ta sa aka kira ni.

"Injiniya," ta ce. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Da can "kai wannan" nake, da na gama jami'a na koma Injiniya, kuma yadda take jan kalmar ya isa ya sa mutum ya sake duba takardarsa. "A sake mini ranar jirgi. Gida zan tafi."

"Hajiya, likita fa ya ce sai wata uku."

"Likitan shi yake kwana a cikin firjin nan? A gida ko ba komai na hura gawayina in ji ɗumi."

Na san idan ta koma, ba wanda zai iya sa ta taka ƙafar nan, za ta zauna a kan tabarma ta yi ta ba da umarni har gwiwar ta bushe. Na roƙi mako biyu, ta ba ni da ƙyar. Na sayo hita ta lantarki, ta ce tana busar mata da hanci, kuma ita ba ta yarda da wutar da ba ta yin toka ba. Da na juya baya take sa sandarta ta zare wayar daga bango.

Ana cikin haka wani Bature da muke aiki tare a unguwar West Bay ya tashi komawa ƙasarsu, yana neman kai da kayansa. A ciki akwai murhun ɗumama ɗaki, baƙi, mai ƙofar gilashi da bututun hayaƙi. Abin da ya tafi da hankalina shi ne murhun da kansa yake ciyar da kansa. Akwai akwati a gefe da ake cika shi da kwal ƙanana, kowane bai wuce ƙwayar goro ba. A gindin akwatin akwai wani ƙarfe mai murɗe irin na cikin injin markaɗe, ɗan inji yana juya shi, yana tura kwal ɗin cikin wuta kaɗan-kaɗan. Ba fifita, ba tona toka, ba wanda zai tashi. Na kafa shi a ɗakin baƙi da ke tsakar gida, na fitar da bututun ta taga, na mayar da gadon Hajiya can, sannan na tsaya na yi mata bayani kamar ina gaban manyan kamfani.

Ta saurara har na gama, ta ce, "To shi mutum me zai yi?"

"Ba komai, Hajiya. Ki kwanta kawai ki huta."

Kwana uku abin yana tafiya sumul. A na huɗu na dawo daga aiki na tarar injin yana gurnani, ƙarfen ya cije, wuta ta mutu, Hajiya tana cikin bargo tana kallon silin. Na tuɓe rigar ofis, na kwashe kwal ɗin akwatin da hannu, na kwance ƙarfen. Wani baƙin kwaɓi ne ya cushe shi, ga wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli da suka maƙale a tsakani. Nan take na yanke hukunci: mai kwal ya cuce ni.

Mai kwal ɗin wani dattijo ne ɗan Sudan, mai rumbu a can unguwar masana'antu. Na kai masa buhun da sauran ciki, na yi masa lacca a kan danshi da dusa da tsakuwa. Ya zura hannu har gwiwar hannu, ya damƙo, ya buɗe tafinsa a gabana. A bushe yake ƙarau.

"Ya muhandis," ya ce, wato injiniya da Larabci, "kwal ɗina ba ya shan ruwa. Ka duba gidanka."

Na ce ni zai koya wa aikina? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya canja mini buhu. Bayan kwana uku murhu ya sake cijewa. Na koma da fushi, ya sake canjawa, wannan karon ko kallona bai yi ba. Daga nan na shiga abin ba ji ba gani. Na ɗauko rariyar matata na tankaɗe buhu guda a tsakar gida, har yau ba ta yafe mini rariyar nan ba. Na ɗora buhunan a kan katako saboda raɓa, na rufe su da leda. Farcena ya yi baƙi, a wurin taro a ofis sai in ɓoye hannuna a ƙarƙashin tebur. Duk da haka kwana uku, huɗu, sai gurnani.

Hajiya kuwa tana daga kan gado tana ba ni ƙarfin gwiwa irin nata. "Sannu, Injiniya. Wai a makarantar taku ba a koya muku hura wuta ba?" Mako biyun da ta ba ni saura kwana biyu, kuma na ga ta sa matata ta sauko mata da akwatinta.

Washegari na manta katin shiga ofis, na dawo gida wajen ƙarfe sha ɗaya, lokacin da rana ta ɗan yi ɗumi, murhun kuma yake kashe kansa kamar yadda na tsara masa. Ina tura ƙofar gida na tsaya cak. Hajiya ce a tsakiyar tsakar gida, a tsaye, ba sanda, tana riƙe da faranti da hannu biyu. Ta taka a hankali har bakin katanga inda rana take, ta ajiye farantin, ta ɗauko wani da ke can, ta juya ta koma ɗakin. Na laɓe a bayan mota kamar ɓarawo ina leƙe. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno a gaban murhun, gwiwar da muke ta fama ta lanƙwasa ga ta a lanƙwashe. Ta buɗe ƙofar gilashin, ta ɗauki ɗan awartakin turaren wuta da matata ta saya a kasuwar Souq Waqif, tana tsamo garwashi ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a wani farantin. Ta jawo tiren toka, ta tona, duk abin da ta ga yana da tauri ta tsince, har da ƙonannun duwatsun nan masu ƙyalli. Sannan ta ɗauki buta ta yayyafa musu ruwa, suka yi cuu. Su kuma na jiya da ta ɗauko, waɗanda suka sha iska a katanga, waje a bushe ciki a jiƙe, ta juye su cikin akwatin kwal, ta baje da hannu.

Haka na ga tana yi tun ina yaro. Ba a gama girki a gidanmu a bar gawayi ya cinye kansa a banza, kashe shi ake yi da ruwa a shanya, gobe ya sake aiki. Na yi shekara nawa ina kallon wannan, amma da yake yanzu ni Injiniya ne sai na je ina yi wa bawan Allah ihu a rumbunsa.

Na zagaya ta ƙofar kicin na sami matata. Da ta ga fuskata ta san na gani.

"Kin sani?"

"Tun ranar farko."

"Kika bar ni ina tankaɗe kwal da rariya?"

"Rariyata ce ai, ni ya kamata in yi kuka," ta ce. Sai ta rage murya. "Sau shida take zuwa katangar nan ta dawo, kullum. In na faɗa maka za ka hana ta, ta koma gado."

Gaskiya ta faɗa. Da zan shiga in yi wa Hajiya bayanin yadda danshi ke cushe ƙarfe, kunya za ta kama ta, ta ce ta ɓata wa ɗanta kaya, kuma ba abin da zai hana ta hawa jirgi. Na ɗauki katina na fita ta inda na shigo. Kafin in je ofis sai da na biya ta rumbun dattijon nan na gaya masa abin da na gani, na ba shi haƙuri. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in gaishe da Hajiya.

Da yamma na durƙusa a bayan murhun da sukudireba, na yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe don a ji, na zare wayar injin na cusa ta a lungu. Na miƙe ina karkaɗe hannu, na ɓata fuska.

"Hajiya, injin nan ya mutu. Sai dai a riƙa zuba kwal ɗin da hannu ta ƙofar gaba, kuma ni ba na gida da rana."

"Dama na san ba zai yi ƙarko ba," ta ce. "Miƙo mini cokalin can babba."

Washegari Juma'a ce, ba aiki, kuma ita ce ranar da wa'adina ya cika. Na shiga gaishe ta. Ɗakin ya yi ɗumi irin wanda injin bai taɓa yi ba. Tana gaban murhun, hannunta baƙi ƙirin, tana yi wa matata faɗa a kan yadda ake jera kwal don iska ta samu hanya. Na zauna ina jira ta tayar da maganar jirgi.

"Injiniya."

"Na'am, Hajiya."

"Ka bar tikitin nan yadda yake. Sai likita ya sallame ni. In na tafi yanzu sanyi ne zai kashe ku, ba wanda ya iya wuta a gidan nan."

Na ce to, na sunkuyar da kai don kada ta ga idona ya kawo ruwa. Ban taɓa jin daɗin an raina ni kamar ranar ba. Na miƙe zan fita, ta ce, ba tare da ta ɗago daga wutar ba:

"Wayar nan da ka zare ka cusa a baya, ka naɗe bakinta da kyau, kada ta ja wani. Allah ya yi maka albarka."