Neman Makarantar Jikoki a Bakin Kaskon Awara

Shekara goma sha ɗaya ɗana na fari ya yi a Ingila yana aikin asibiti. Ranar da ya bugo ya ce za su dawo gida gaba ɗaya, ina tsince wake a tsakar gida. Na ce, "To, Allah ya kawo ku lafiya," kamar wanda ya ce min zai je cin kasuwar Maigatari ya dawo. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in yi masa guɗa a waya.

Sai ya ce, "Inna, saura maganar makarantar yara. In akwai ta kirki a Gumel, nan za mu sauka, ni in riƙa zuwa aiki Dutse. In babu, sai Kano."

Kano kuma? Wato jikokina biyu in riƙa ganinsu daga Salla sai Salla. Muka yi sallama. Washegari surukata ta turo saƙon murya, ta jero tambayoyi. Na ɗauko littafina na ajin yaƙi da jahilci na rubuta su: yara nawa ne a aji, akwai ɗakin karatu, akwai kwamfuta, ana duka.

A makaranta ta farko na yi wauta. Na ci ado da atamfa, kuma tun daga bakin ƙofa na faɗa wa mai makarantar cewa daga Ingila yaran za su zo. Nan take aka kawo min lemo mai sanyi, ya ce in dawo jibi a zaga da ni. Da na koma, na tarar da kwamfuta shida a jere, an lulluɓe su da leshi. Ban san kwamfuta ba, amma na san firji da dutsen guga, na san duk kayan wuta da wayarsa. Na leƙa bayan teburin, babu waya ko ɗaya, bangon ma ba shi da wurin jonawa.

Na ce, "Malam, waɗannan da iska suke aiki?"

Ya ce, "Sabon yayi ne, Hajiya."

Na ce masha Allah, na shanye lemona.

Daga ranar na ninke atamfa. Ina da ƙawa da muka yi ajin yaƙi da jahilci tare, tana soya awara, kowace rana da ƙofar makarantar da take kafa kaskonta. Na zura tsohon hijabina na bi ta, ni ce mai zuba yaji. Ashe ba wanda yake ɓoye wa mai zuba yaji komai. Cikin sati biyu na san malamin da yake barci a aji, na san makarantar da randarta ba ta ganin ruwa, na san inda ake sa yaro kamun kunne in ya yi Hausa, alhali malaman da Hausa suke gulmarsu a gindin darbejiya.

Ina da jarrabawata kuma. A tsohuwar jarida muke naɗe awara, sai in miƙa wa yaro in ce, "Karanta min nan, idona ya mutu." Wasu su yi ta in-ina, wasu su fizge su ruga. Sai a wata ƙaramar makaranta bayan kasuwar hatsi, wadda allon sunanta ma ya koɗe, wata 'yar shekara bakwai ta karanta min layi uku na Turanci, ta fassara da Hausa, sannan ta ce, "Iya, yajin ya yi kaɗan." Na gwada yara biyar a wurin, duk haka.

Da na zo cike amsoshin wannan makarantar, wajen kwamfuta biro ya so ya rubuta "akwai". Na daɗe ina kallonsa. Na bar wurin fili, na ce wa surukata wannan sai ta zo da idonta.

Kwana uku da saukarsu na miƙa mata hijabin aro da silifas. Ta ce, "Inna, in aka gane ni fa?"

"Wa ya san ki a nan? Ke dai riƙe bakinki, kar Turanci ya zubo."

A ƙofar makarantar nan ta bayan kasuwar hatsi ta zauna a kan bokiti tana zuba yaji kamar mai auna magani. Ƙawata ta ce, "Ke amarya, saki hannu, ba na ubanki ba ne." Muna cikin haka sai ga mai makarantar, wata dattijuwar malama da ta yi ritaya. Ta sayi awararta, ta dube ni.

"Hajiya, kwana huɗu kina yi wa yarana jarrabawa, yau kuma kin kawo sufeto?"

Kunya ta rufe ni. Na ce a ina ta gane. Ta nuna hannun surukata, agogon Ingila yana ta ƙyalli a ƙasan hijabi. Ta ce mu shigo. Ta faɗa wa surukata gaskiya: kwamfuta babu, ɗakin karatu kabad ɗaya ne, bulala kuma wanda ya ɗaga ta ya bar mata makaranta. Surukata ta nemi kujera a bayan aji, ba ta tashi ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

Da yamma ta ce wa mijinta a gwada zango ɗaya, kwamfuta a koya musu a gida. Ya juyo yana murmushi. "Inna, da kin ce kawai mu zauna kusa da ke, ai da ba ki sha hayaƙi ba."

Na ce, "Ni aike aka yi min."

Ranar Litinin ni na raka su, ɗaya a kowane hannu. Mai adaidaita ya tsaya, na ce ya wuce. Muka bi ta doguwar hanya, ta ƙofar gidan duk wanda na sani.