Humrar da Umma Ta Yi wa Damisa

Shekara shida na yi ina neman damisa a duwatsun da ke kudu da Ɗa'ifa, ban taɓa ganin ko jelarta ba. Gara in faɗi haka tun yanzu, kada wani ya gyara zama yana jiran labarin jarumta. Ni direba ne. A unguwar Utaibiyya aka haife ni, a gidan da kakana ya zauna bayan ya iso Makka da ƙafa, kuma kafin wannan aiki alhazai nake ɗauka daga tashar motar Kudai. Wani abokina ne ya ce masu binciken namun daji suna neman wanda ya iya mota a kan dutse kuma ba ya ƙorafi. Na farkon gaskiya ne, na biyun kuwa sharri ya yi mini.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Damisar ƙasar nan ƙarama ce, fara-fara, da can tana yawo a duwatsun nan, amma an daɗe ba wanda ya ce ya gan ta. In aka samu hotonta ko guda ɗaya, za a iya hana fasa dutse da farauta a kwarin da muke aiki. Sai muka ɗaure kyamarori a jikin duwatsu da itatuwa, irin waɗanda ke ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya gifta. Duk mako biyu nakan hau hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe, in ajiye mota inda hanya ta ƙare, in ci gaba da ƙafa, in canza batir, in cire kati, in sa wani. Gwiwoyina har yau suna tuna mini.

Shugabanmu wani Bature ne da ya yi shekaru a dazuzzukan Kudancin Amurka, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, yana bin damisar can da suke kira jaguwa. Da yake ba Musulmi ba ne, ba ya shiga Makka, a Ɗa'ifa muke haɗuwa. Shi ne ya gaya mini cewa a can sukan shafa turare a gaban kyamara. Dabbar ta ji ƙamshin, ta zo ta tsaya tana shinshina tana goga kumatu, sai a samu hotonta sarai. Ya ce turare mai jibda suka fi so, wato maiƙon nan mai ƙarfi da ake samu a jikin tunkun jibda. Na yi dariya har ya tsargu. Na ce masa ai ya zo gidan turare, uwata ce malamar abin.

Umma ta yi kusan shekara arba'in tana haɗa humra tana kai wa matan alhazai a unguwar Misfala. Farce, sandal, miski, kanumfari, jibda, duk da hannu take aunawa. A lokacin da nake ba da labari yanar ido ta rufe mata gani, ta daina fita, akwatin kwalabenta ya yi ƙura a bayan gado, ita kuma tana zaune daga salla sai salla. Da na gaya mata abin da Baturen ya ce, sai ta juyo wajena.

“Damisa ce ke son humra?”

“Haka ya ce, Umma.”

“To ai mace ce ke nan. Jawo mini akwatin nan.”

Ranar na ga uwata ta dawo. Ta tura ni kasuwa sau biyu saboda sandal ɗin farko na bogi ne, ta zage ni tas a kan ban iya zaɓen farce ba. Bayan mako uku ta miƙo mini kwalba ta ce a gaishe da baƙuwa. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk tafiya akwai kwalba, duk dawowa akwai tambaya ɗaya. Kafin in cire takalmi za ta juyo da fuska wajen ƙofa ta ce, “Ta zo?” Ba abin da nake so a duniya a shekarun nan kamar in ce mata e.

Sai dai kowa ya zo ban da ita. Birai sun zo, kuma ban taɓa ganin marasa kunya irinsu ba. Su lashe humrar, su juya kyamara ta kalli sama, in dawo in tarar da hoton gajimare fal kati. Kura ta zo, kyarkeci ya zo, beguwa ta zo, awaki kuwa ba a magana. Nakan zauna kusa da Umma bayan la'asar da kwamfuta a cinya, ina danna hotuna ɗaya bayan ɗaya ina gaya mata abin da na gani. Biri. Biri. Akuya. Iska ta kaɗa ciyawa. Biri. Ita kuma tana sauraro kamar mai jin labaru a rediyo.

“Ku sauko da ita Harami mana,” ta ce wata rana. “Nan ko tantabara ba a taɓawa.”

“Sai mun gan ta tukuna, Umma.”

“Ɗayyib, shi ke nan. Zan ƙara jibda.”

A shekara ta huɗu na taɓa tashi tsaye da ihu. Na ga ɗigo-ɗigo a gefen hoto, na ce, “Umma, ta zo!” Ta ɗaga hannu tana hamdala, hawaye na bin fuskarta. Hoto na gaba ya nuna dabbar gaba ɗaya: wata 'yar aba ce mai doguwar wutsiya, ba ta fi kyanwar gida ba. Janye maganar nan daga bakina ya fi hawan dutsen wuya. Umma ta share ido ta ce ba komai, ƙanwarta ce ta zo duba hanya. Tun daga ranar na daina murna da wuri, daga baya ma na daina murnar gaba ɗaya. Na gaji. Gajiyar da ko an yi barci ba ta tafiya.

A bakin kwarin akwai wani tsoho makiyayi, Balarabe, da awakinsa da 'yar rumfarsa. Ban taɓa wucewa bai tsayar da ni ba. Gahawa, dabino, wani lokaci gurasa da zuma. Yana ce mini “ya waladi”, wato ɗana, ina ce masa “ya ammi”, wato baffana. Nakan tambaye shi ko ya ga sawu ko ya ji gurnani, shi kuma kullum amsarsa ɗaya: Allah ne masani. Na ɗauka tsoron Allah ne ke sa shi faɗin haka.

A ƙarshen shekara ta shida aka ce mu kwance kyamarorin, za a kai su wasu duwatsu can kudu mai nisa. Ranar da na je kwasowa na tsaya yi wa tsohon sallama. Bai zuba gahawa ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muka yi tafiya kaɗan zuwa wani tsibin duwatsu a ƙarƙashin itacen ar'ar, wurin da na wuce ta gefensa ba adadi.

“Tana nan ƙasa,” ya ce da Larabci.

Ya ce shekara biyu kafin mu zo, kyarkeci ya addabi awakinsa, sai ya sa guba a mushe. Da safe ya tarar da damisa kwance a mace kusa da mushen. Tsohuwa ce, haƙoranta sun cinye. Ita kaɗai ya sani a dutsen tun da daɗewa, kuma tun da ya binne ta bai ƙara ganin sawu ba.

“Ya ammi, shekara shida!” na ce. “Shekara shida kana kallona ina hawa ina sauka!”

“Da farko tsoro na ji. Daga baya kunya. Daga baya kuma ka ci abincina, ya waladi, na rasa ta inda zan fara.”

Na so in zage shi, wallahi na so. Amma na dubi tsohon, ga shi ƙashi da fata, awaki ashirin ne duk abin da ya mallaka, sai zagin ya maƙale. Na sauko ban ce masa sai wata rana ba, abin da har yanzu yake damuna. Da na gaya wa Baturen a Ɗa'ifa, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce in gaishe masa da mahaifiyata, wadda bai taɓa gani ba.

Ban gaya wa Umma ba. Na koma ɗaukar alhazai daga Kudai, na bar ta a kan cewa aiki na nan. Ina tsoron ranar da za ta mayar da akwatin nan bayan gado ta koma zaman jiran salla. Duk mako biyu ta miƙo kwalba, in karɓa da hannu biyu, in kai mota in jefa a but. Da yamma ta ce, “Ta zo?” in ce, “Tukuna.” Har birai nake ƙirƙiro mata. Motata ta cika da ƙamshi, matan alhazai suna tambayata inda ake sayar da shi.

Wata uku muna haka. Wata Alhamis na shigo bayan la'asar, na zauna ina cire takalmi ina jiran tambayar, ba ta zo ba. Umma na zaune da turminta ƙarami a gaba.

“Zo nan,” ta ce.

Na matsa. Ta kama hannun rigata ta kai hanci.

“Da in ka dawo, ƙamshin itacen dutse kake yi da warin awaki. Yanzu hayaƙin bas kake yi. Wata uku ke nan. Ido ne ba ni da shi, ɗan nan, hancina lafiya lau.”

“Umma, me ya sa ba ki yi magana ba?”

“Na ga kana son karɓa, shi ya sa nake ba ka. Halas, ya isa haka. Gaya mini.”

Na gaya mata duka, tsohon, gubar, tsibin duwatsun. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambayi shekara nawa da mutuwar, na ce tun kafin kwalbar farko.

“Ita kaɗai ce?”

“A dutsen nan ita ce ta ƙarshe.”

Ta yi salati a hankali. Ta laluba ta ɗauko kwalbar da ta cika da safe, ta juya ta a hannu.

“Ashe duk shekarun nan gawa nake yi wa turare,” ta ce.

Na kasa ɗaga kai. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Haƙurin me? Ita ma gawa ai ana sa mata turare. Ka san wurin?”

“Na sani.”

“To gobe bayan Juma'a ka kai mata wannan, da na cikin motarka duka. Ka tsaya wajen tsohon nan ka sha gahawarsa.”

Ta ɗaure murfin da kyau ta sa mini a hannu. Sannan ta tattara farcen da sandal ɗin da suka rage ta zuba a akwati, ta ce in mayar mata da shi bayan gado.