Jikan Kino Mai Hawan Kwakwa

La Ode Ntaga jikan kino ne, wato sarkin ƙauyensu na da a tsibirin Muna. Amma ko da ya yi wayo sarautar ta kau, gwamnati ta kawo zaɓe. Abin da ya gada bai wuce "Ode" ɗin nan na 'ya'yan sarauta da ke cikin sunansa ba. Da hawan kwakwa ya ci ya sha, da shi ya aurar da 'ya'ya mata uku.

Tsofaffi ba sa son sa shi aiki. Wata rana Wa Sahimu, makwabciyarsa, ta tarar da shi a kan bishiyarta, ɗanta ne ya kira shi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sauko. Ni ce zan tsaya ina nuna wa jikan kino wadda zai tsinko?"

Ya ce, "Inna, in na sauko, sunan za a dafa wa yara?"

Sai ta juya masa baya har ya gama, don kada idonta ya gani.

A wajen biki kuwa can sama wurin manya ake zaunar da shi, a fara miƙa masa abinci. Ba ya cewa uffan, don magana a taro ta dattawan da ake kira walaka ce, masu riƙon al'ada, ba ta 'ya'yan sarauta ba.

Shekarar da wasu 'yan'uwa biyu suka zare adduna a kan iyakar gonar masara, La Hamiru, zaɓaɓɓen shugaban ƙauye, ya yi iya yinsa abin ya faskara. Ya zo ya durƙusa wa Ntaga.

"Baba, ni hatimi gare ni. Kai kuwa kunyarka suke ji."

Ntaga bai so ba, don shi bai iya shari'a ba. Amma ya ɗaura zanensa na biki ya tafi, ya zauna a kan iyakar, La Hamiru na gefensa. Babu wanda ya iya ɗaga adda a gabansa. Da rana ta yi zafi ƙanin ya ce a kawo igiya a auna, aka kafa turaku.

Da gwiwa ta hana shi hawa, sai ya koma saƙa tabarma a gidan 'yarsa ta tsakiya. A can ya rasu. Ranar jana'izarsa an rasa wurin zama, har daga ƙauyukan gaɓar teku aka zo.